Darasi na 18: Masu ƙidayar ɓeraye

Yara, in manomi ya ga hadari ya haɗu a gabas, ya san ruwa yana tafe. Haka masana suke duban ɓera, wanda wasu ke kira kusu, su san ko cuta tana tafe.

Akwai wata cuta da ake kira hanta. Ba hantar da ke cikin cikinmu ba ce. Sunan ya fito ne daga kogin Hantan na ƙasar Koriya. Ƙwayar cutar tana zaune a jikin wasu ɓeraye, ba ta kashe su. Tana fita cikin fitsarinsu da kashinsu. In suka bushe suka gauraya da ƙura, mutum ya shaƙa, sai ya kamu. Zazzaɓi ya rufe shi, daga nan cutar ta kama huhu ko ƙoda.

A shekarar 1993, a kudu maso yammacin Amurka, samari da ƴan mata majiya ƙarfi na ƙabilar Nabaho suka soma mutuwa, numfashi ya gagare su. Likitoci suka rasa dalili. Ashe akwai wasu masana a jihar Niyu Meziko da suka yi shekaru suna ɗana tarko a daji. Su kama ɓeraye, su ƙidaya, su rubuta, su sake su. Aiki ne mai gundura, amma ya taimaka wajen warware matsalar. Littafinsu ya nuna cewa ɓeraye sun ninka sau 10 cikin shekara guda.

Me ya kawo haka? An yi ruwa mai yawa bayan shekarun fari. Ciyawa ta fito, itatuwa suka yi ƴaƴa. Ɓeraye suka ƙoshi, suka hayayyafa, suka shiga gidaje. Tsakanin ruwan da cutar akwai watanni masu yawa, kuma cikin waɗannan watanni ne ake iya gargaɗin mutane. Da ruwa mai yawa ya dawo a 1997 da 1998, masana sun yi gargaɗi tun da wuri.

A Afirka ma an samu irin wannan ƙwaya: a jikin wani ɓeran daji a Gine, a 2006, da jikin jemage kusa da garin Makoku na Gabon. Mu kuwa a ƙasar Hausa mun fi sanin zazzaɓin Lasa, wanda shi ma ɓera ke kawowa. Ya fi yawa da rani, lokacin da hatsi ke cikin rumbu. Tsofaffinmu sun san zancen ruwa da ɓera: bayan babban farin 1973 ruwa ya dawo, sai ɓeraye suka cika gonakin Sahel a 1975 da 1976.

Saboda haka, in kun ga kashin ɓera a ɗaki, kada ku share shi a bushe. Ku buɗe ƙofa iska ta shiga, ku kira babba ya yayyafa ruwa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a kwashe. A rufe tukunya da randa, a toshe ramuka.

Tambayoyi
1. Ta yaya cutar hanta take shiga jikin mutum?
2. Me ya sa ɓeraye suka yi yawa a 1993?
3. Ku tambayi kaka: wace shekara ce ɓeraye suka fi yawa a garinku? Yaya daminar da ta gabace ta take?