Kundin da Aka Rubuta Ba a Taka Zaure Ba

Shekaru masu dama ke nan ina duba kundin ɗaliban digiri na biyu a fannin zanen gine-gine, na ga rago, na ga mai gaggawa, na kuma ga wanda rashin abin hannu ya daƙile, amma al'amarin da ya auku a hannuna daminar bara shi ya tilasta mini ɗaukar alƙalami, domin har yau in na tuna shi raina yakan ɓaci.

Wani ɗalibi mai ladabi ya zaɓi nazarin zaurukan ƙasa na wata tsohuwar unguwa cikin birni, na kuwa yi farin ciki, saboda irin waɗannan gidaje kullum rushe su ake yi ana maye gurbinsu da bulo. Bayan wata shida ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga shi da babi na huɗu cikakke, da zanen gida goma, da hirar da ya ce ya yi da wani tsohon magini. Da na kai zane na uku sai na iske zaure mai faɗin mita 4 an shimfiɗa masa azara miƙe daga bango zuwa bango, babu bakan gizo, babu ginshiƙi, alhali duk wanda ya taɓa ɗaga kai ƙarƙashin rufin soro ya san da ƙyar azara ke ƙetare mita 2 ita kaɗai. Na ce gobe ya kai ni gidan. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, maigidan ya yi tafiya." Na ce masa zaure ba ya tafiya.

Kashegari muka shiga unguwar, sai ga mai gida goma bai san lungu ɗaya ba. Da tambaya muka kai wurin, muka tarar da shagunan bulo, mai unguwa ya shaida mana yau shekara uku da rushe gidan, maginin da aka ce an yi hira da shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun yaron bai shiga makaranta ba. Nan a gindin bango ya faɗa mini gaskiya, cewa ya biya wani mai shagon buga takardu ne, wanda ya tsinto zane daga littattafai da intanet ya sauya musu suna. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, ƙanen marigayin, shi ma magini, yana zaune kan dakali ƙasa da taku ashirin daga inda muke, ya riƙe mu har la'asar yana bayyana yadda ake ɗaurin guga da yadda ake shafa makuba, sa'an nan ya ce, "Malam, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni."

Abin da muka sani na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, mun san shi ne domin akwai waɗanda suka durƙusa suka auna shi kafin a lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970. Dmochowski, mutumin Poland, ya ƙarar da shekaru shi da mataimakansa 'yan ƙasa suna awon gine-ginenmu, har ya rasu a 1982 bai ga mujalladansa uku ba, sai a 1990 aka buga su. Hamman Tukur Sa'ad kuma da magina ya zauna kafin ya kammala kundinsa a 1981. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai da isnadi, isnadin ɗalibinmu kuwa shi ne ƙafarsa, da tef ɗin awonsa, da littafin da ya rubuta kwanan wata a ciki. In gida ya rushe, zanen da aka bari shi kaɗai ne shaidarsa, in kuwa zanen ƙarya ne, an yi wa mamaci shaidar zur.

Ɗalibai, kada ku sayi kundi. Waɗannan 'yan kasuwa ba su san tubali da birji ba, kuma ranar kare kundi ba za su tsaya muku ba. Ku auna da hannunku, ku koma ku sake aunawa. Ku nemi izinin maigida, cikin gida kuwa a tura mace. Na'urar kama satar rubutu ba ta kama satar zane, saboda haka malamin da ya sa hannu bai taɓa bin ɗalibinsa fili ba yana da kaso cikin ha'incin. Na sake faɗa, kada ku sayi kundi, ko da babi ɗaya ne.

Na soke babin, yaron ya koma ya auna gida uku kacal, tsohon nan yana riƙe masa bakin tef. Gida uku na gaskiya sun fi goma na ƙarya. Ku je ga maginan nan tun suna raye, domin ilmin da ke ƙirjinsu amana ce a wuyanmu.