Agwagin Daji Tsakanin Ruwa da Bindiga

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kimiyyar muhalli da na aikin gona, ga wata tambaya da ta dace mu iya amsawa kafin mu karɓi difloma: idan agwagin daji suka ragu a fadama, laifin maharbi ne ko na damina?

Mu fara da fadamar Haɗeja da Nguru. Daga wajen watan Oktoba, idan ambaliya ta fara janyewa, baƙin agwagi kan sauka a can, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya. Cikin baƙin akwai wata 'yar ƙarama da Turawa ke kira gargani, namijinta na da farin layi a saman ido. A Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, sannan ta keto Bahar Rum da Sahara ta yi hunturu a kogin Senegal, da fadamar kogin Neja a Mali, da Tafkin Chadi, da wajenmu. Zuwa Fabrairu ko Maris sai ta juya gida.

Ba duk agwagwa ce ke tafiya haka ba. Wasu, kamar mai koren kan nan da ta cika tafkunan Turai, ba sa gusawa sai ƙanƙara ta rufe ruwa da abinci; idan hunturu ya zo da sauƙi sai su yi zamansu. Ita kuwa gargani tsawon yini take bi, lokacinta na yi za ta tashi. Matsalarta ita ce abin da za ta tarar.

To, a nan ne ruwa ke nuna ikonsa. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun busar da fadamun Sahel. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka. A wajenmu kuma aka ƙara da madatsun ruwa: Tiga a 1974, Challawa a 1992, suka rage ambaliyar da ke isa fadamar, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Agwagwar da ba ta samu abinci ta tara kitse ba, ina za ta iya tsallake Sahara? Kuma ka lura da wannan: a shekarar fari tsuntsaye kan cunkushe a 'yan tafkunan da suka rage, kamunsu ya yi sauƙi. A Mali an lura masu raga sun fi kama gargani a irin waɗannan shekarun, su kai kasuwar Mopti. Ka ga kenan fari da farauta ba daban-daban suke aiki ba, ɗaya ne ke buɗe wa ɗaya ƙofa.

Ƙasar da ta fi ɗaukar wannan darasi da muhimmanci ita ce Amurka, kuma sai da ta sha wuya. Dokar 1918 ta hana farautar tsuntsaye masu ƙaura don sayarwa, ta kuma hana harbinsu lokacin komawa ƙyanƙyasa. Duk da haka, da fari ya afka wa yankin tafkunan ƙyanƙyasa a shekarun 1930, agwagi suka ragu sosai. A 1934 aka wajabta wa kowane maharbi sayen kan sarki na dala ɗaya, ana sayen fadamu da kuɗin. Daga 1955 kuma duk watan Mayu jirage kan zagaya Amurka da Kanada ana ƙirga agwagi da tafkuna, sannan a yanke kwanakin farauta. A 1988, shekarar fari, jihohin da ke bin kogin Misisipi kwana 30 kawai aka ba su, agwagwa uku a rana. Da ruwa ya dawo, a 1997 aka mayar kwana 60, agwagwa shida. Wato dokar tana miƙewa tana tsukewa da yawan ruwa. A ganina wannan ne ya sa take aiki, ba tsananinta ba.

Turai ma tun 1979 ta hana harbin tsuntsaye a hanyarsu ta komawa sheƙa, a 2023 kuma ta hana harsashin dalma a fadamu, domin agwagwa kan haɗiye ƙwayoyinsa ta ɗauka tsakuwa ce, gubar ta kashe ta.

Mu fa? A takarda ba mu da laifi. Dagona na cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, tafkin Nguru ya shiga jerin fadamun yarjejeniyar Ramsar a 2000, kuma Nijeriya na cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai. Amma hana harbi a Dagona ba zai kawo agwagwa ba idan ruwa bai iso ba, kuma yawan ruwan da za a saki ana yanke shi ne can a Tiga da Challawa, a jihar Kano, nesa da mai gadin gandun.