Ragar Harawa da Lafiyar Cikin Doki

Duk bargar da aka kira ni saboda doki yana ciwon ciki, tambayata ta farko ga yaran barga ita ce: ƙarfe nawa ya gama cin harawar dare, kuma ƙarfe nawa aka sake ba shi wani abu? Amsar kusan iri ɗaya ce. An zuba masa bayan isha'i, kafin goma ta buga ya share komi, sai kuma da hantsi a kawo dusa da dawa. Wato ya kwana awa tara ko goma babu abin taunawa. Mai doki zai rantse bai taɓa barin dokinsa da yunwa ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin yawan abincin ya isa. Rabon lokacin ne bai yi daidai ba.

Mu da muka tashi cikin kiwon shanu da tumaki mukan ɗauka doki ma haka yake. Saniya tana cika tumbi ta kwanta ta yi tuƙa. Doki ba ya tuƙa, ba ya iya amai, kuma tumbinsa ƙarami ne, bai wuce cin lita 8 zuwa 15 ba duk girman jikinsa. Allah ya halicce shi ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, kusan awa 16 a rana idan an sake shi a fili. Saboda haka tumbinsa yana fitar da asid dare da rana, ko da abinci ko babu. Abin da ke kashe kaifin asid ɗin shi ne yawu, shi kuwa yawun doki sai yana tauna yake zuba. Idan tauna ta tsaya, asid ya taru, sai ya riƙa taɓa sashen sama na tumbin, wanda ba shi da kariya. Daga nan gyambon ciki ke farawa. Binciken da aka yi a kan dawakin tsere a Turai da Amurka ya nuna mafi yawansu suna ɗauke da shi, alhali su ne dawakin da aka fi kashe wa kuɗi.

Alamominsa ba sa zuwa da hayaniya, shi ya sa suke ba ni tsoro. Doki ya fara cin hatsi ya bari, gashinsa ya dushe, ya riƙa kai cizo idan ana ɗaure masa majayi, ya kama gwaguyar turke ko bakin komi. Sai a ce halinsa ne ya lalace, a ƙara masa bulala. Abin yana min ciwo ƙwarai, domin dabbar ciwo take ji.

A nan ragar harawa ke shigowa. Raga ce ta igiya mai ƙananan idanu, faɗin santimita 4 ko 5, da ake cusa harawa a ciki a rataye. Doki ba zai iya cika baki ya figa ba, sai ya riƙa zaro ta kaɗan-kaɗan. Harawar da yake gamawa cikin awa biyu a ƙasa, a raga za ta ja shi lokaci mai tsawo fiye da haka, yana tauna, yawu yana zuba. Ƙa'idar da nake ba masu dawaki ita ce kada doki ya wuce awa huɗu zuwa shida babu ciyawa a gabansa, kuma a rana ya samu busasshiyar ciyawa da ba ta gaza kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa ba. Dokin da ya kai kilo 350, aƙalla kilo biyar da ɗoriya ke nan. Ku auna da sikeli, domin dami ba ma'auni ba ne.

A ƙasarmu akwai ƙarin amfani: dokin da ke tsintar ganye a kan rairayi yana haɗiyar yashi, yashin ya taru a hanji ya jawo ciwon ciki mai wuyar magani. Raga da rabin durom a ƙarƙashinta suna rage wannan, kuma ganyen harawar wake da ke kakkaɓewa, wanda shi ne mafi amfani, ba ya tafiya a banza.

Sai dai raga tana iya raunata doki idan an yi sakaci. Idan harawar ta ƙare, ragar takan yi sako-sako ta sauko, doki ya sa ƙafa a ciki ya firgita. Haɗarin ya fi yawa ga dawakin folo da aka yi wa takalmin ƙarfe. Ku ɗaure ta yadda gindinta ba zai sauko ƙasa da ƙirjin dokin ba ko da babu komai a ciki, amma kada ta haura kansa, don kada wuyansa ya gaji, ƙura ta riƙa zubo masa a ido da hanci. Kada a yi ta da zaren kamun kifi, yana yanka dasashi. Lokacin hunturu a yayyafa wa harawar ruwa kafin a rataye, wadda ta yi funfuna kuwa a zubar. A kwanakin farko a bar masa kaɗan a komi har ya saba. Tsohon doki mai matsalar haƙori, da ramamme, da goɗiya mai shayarwa, su raga mai manyan idanu ta dace da su.

Roƙona ga masu shirin hawan Sallah: idan lokaci ya matso, kada ku ɗura wa doki dawa don ya yi ƙiba kuna rage masa ciyawa. Kafin a ɗora sirdi, ko kilisa za a fita, a bar shi ya ci harawa kaɗan, domin sukuwa da ciki wayam tana watsa asid zuwa sama. Kuma a daren yau, ku leƙa barga ƙarfe biyu ku duba ko akwai sauran abin taunawa a gaban dokinku.