AWON HALI DA SALON SHUGABANCI A WURIN AIKI

A unguwar Utako ta Abuja, inda ofisoshin gwamnati da na kamfanoni suke maƙwabtaka da kasuwa da tashar mota, akan tara manyan ma'aikata a ɗakunan taro na otal-otal domin kwas na ƙaro ilmi. A irin wannan kwas sau da yawa akan raba wata takarda mai tambayoyi barkatai, a ce kowa ya amsa da gaskiya. Ba jarrabawa ba ce, babu ci, babu faɗuwa. Ita ce ake kira takardar awon hali. Da yake yanzu wasu masu ɗaukar ma'aikata suna duba sakamakonta kafin su ba mutum aiki ko su ɗora shi bisa wasu, ya kamata jama'a su san abin da take nunawa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Asalin wannan awo daga Amurka ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani masani mai suna Robert Woodworth ya shirya tambayoyi domin a gane sojojin da zuciyarsu ba za ta jure wa fagen fama ba. Daga baya Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ɗauki ra'ayin Carl Jung, wanda ya wallafa a 1921, suka kasa mutane gida 16. Wannan awo nasu ya fi kowanne farin jini a wuraren kwas, amma masana suna kuka da shi, domin mutum yakan amsa yau a ce shi ɗan gida kaza ne, ya sake amsawa bayan 'yan makonni a mai da shi wani gidan. Wanda masana suka fi yarda da shi shi ne mai auna halaye biyar, watau son sabon abu, da kula da aiki bisa tsari, da sakin jiki cikin jama'a, da sauƙin kai, da kuma saurin shiga damuwa. Ba ya kasa mutane gida-gida, sai dai ya nuna ko mutum yana da yawa ko kaɗan na kowane hali.

To, mene ne haɗin wannan da shugabanci? A 1991 Barrick da Mount suka tattara bincike masu yawa, suka ga cewa kula da aiki bisa tsari shi ne halin da ya fi tafiya tare da kyakkyawan aiki a kusan kowace sana'a. Wani nazari na 2002 kuma ya nuna mai sakin jiki cikin jama'a ya fi saurin zama jagora. Amma zama jagora daban, iya riƙon mutane daban.

Alal misali, a ce akwai shugabanni biyu a ofis guda. Na farko tun ƙarfe takwas yana kan kujera, fayil ba ya kwana a teburinsa, amma ba ya sakin ko da ƙaramar wasiƙa sai ya karanta da kansa, kuma akawunsa ba ya iya neman izinin kai matarsa asibiti sai gabansa ya faɗi. Na biyu kowa nasa ne, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai dai takardun fanshon bayin Allah sun yi wata uku a ƙarƙashinsa domin yana jin nauyin tsawata wa wanda ya ɓoye su. Blake da Mouton sun zana wannan a 1964 da ma'auni biyu, ɗaya na damuwa da aiki, ɗaya na damuwa da mutane, kowanne daga 1 zuwa 9. Na farko ya cika ma'aunin aiki ya bar na mutane, na biyu kuwa akasin haka. Amfanin awon hali shi ne kowannensu ya ga gefen da ya karkata tun kafin na ƙasa da shi, ko talakan da ke jiran takardarsa, ya ɗanɗana kuɗarsa.

Auna ma'aikaci ba baƙon abu ba ne a aikin gwamnatin Nijeriya. A dā rahoton sirri ake rubutawa, mutum bai san abin da maigidansa ya faɗa a kansa ba. Hukumar Cif Jerome Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta kuma miƙa rahotonta a 1974, ta ba da shawarar a riƙa nuna wa ma'aikaci rahotonsa na shekara, ko da yake abin da jama'a suka fi tunawa da ita shi ne ƙarin albashi. Sai dai rahoton shekara aikin da aka yi yake aunawa, shi kuwa awon hali yanayin mutum kawai yake nunawa, saboda haka ba daidai ba ne ɗaya ya maye gurbin ɗaya.

Akwai kuma abin lura babba. Yawancin tambayoyin nan da Turanci aka tsara su, domin mutanen wata ƙasa. Bahaushe tun yana yaro ake hore shi da kunya da kawaici, a hana shi yabon kansa ko katse maganar babba. In aka tambaye shi ko yana son jan ragamar zance a taro, mai yiwuwa ya ce a'a, takarda kuwa ta rubuta shi mai noƙe-noƙe, alhali shi ne ake kira in rigima ta tashi a sashensu. Halayen mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara daga bakin Hausawa a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da mutunci da adalci, ba duka ne takardar take iya kamawa ba. Bugu da ƙari, mai wayo yana iya zaɓen amsar da ya san ana so.

Don haka duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda yana da damar ya tambayi dalilin awon, da wanda zai ga sakamakon, da inda za a ajiye shi. Sakamakon bayani ne na kansa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba shi ikon neman a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a kuma gyara in akwai kuskure.