Darasi: Yadda Ake Auna Ƙwazon Matashin Gola a Wasan Hoki na Ƙanƙara da Alƙaluma

A watan Yulin 2021 ƙungiyar Buffalo Sabres ta gasar NHL a Amurka ta ba Florida Panthers ɗan wasanta Sam Reinhart. A madadinsa ta karɓi damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko, da wani matashin gola ɗan Kanada mai suna Devon Levi, wanda bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba. Reinhart ya ci kofin Stanley da Florida a 2024. To me Buffalo ta gani a jikin Levi? Amsar tana cikin alƙaluma, kuma darasi ne mai amfani ga duk mai koyon nazarin bayanai a kwamfuta.

Ma'auni na farko: kason tarewa

A hoki na ƙanƙara, gola na tsare raga mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 4, ana kuma buga masa ɗan faifan roba maimakon ƙwallo. Ma'auni mafi sauƙi shi ne kason tarewa: a raba adadin bugun da ya tare da jimillar bugun da aka yi wa ragarsa. A Google Sheets, idan jimillar bugu na A2, wanda ya tare kuma na B2, lissafin shi ne =B2/A2.

Florida ta zaɓi Levi a 2020 a zagaye na bakwai, mutum na 212. Amma a gasar matasa ta duniya ta 2021 a Edmonton ya tare kashi 96.4 cikin ɗari, ya zarce 96.1 da Carey Price ya kafa a 2007. Nan take sunansa ya bazu.

Tarkon ƙarancin bayanai

Wasa bakwai kawai Levi ya buga a waccan gasa. A ce gola ya fuskanci bugu 140 aka ci shi sau 5, kasonsa 96.4 ke nan. Da faifai uku sun ƙara goce masa, da kason ya sauko zuwa 94.3. Golan bai canza ba, sa'a ce ta canza.

Ana iya auna girman wannan rashin tabbas da 'yan layuka na Python:

```
from math import sqrt
def kuskure(kaso, bugu):
    return sqrt(kaso * (1 - kaso) / bugu)
print(kuskure(0.91, 140))
print(kuskure(0.91, 1000))
```

Amsar farko 0.024 ce, ta biyu 0.009. Ma'ana, golan da ainihin ƙarfinsa kashi 91 ne, a bugu 140 sakamakonsa kan yi sama ko ƙasa da kusan maki biyu da rabi ba tare da wani dalili ba. A NHL kuwa, tazarar kashi 90 da 92 ita ce tazarar gola na tsaka-tsaki da gwani. Don haka gasa ɗaya ba ta isa hujja ba.

Levi ya ƙara hujja a Jami'ar Northeastern da ke Boston, inda ya ci kyautar Mike Richter ta golan da ya fi kowa a jami'o'in Amurka sau biyu a jere, 2022 da 2023. Kaka biyu cur sun fi wasa bakwai nauyi nesa ba kusa ba.

Ba duka bugu ne ɗaya ba

Kason tarewa na ɗaukar bugun nesa daidai da bugun da aka yi daf da raga. Golan da masu tsaron bayansa ke korar abokan hamayya zuwa gefe zai yi kyau a takarda ko da bai sha wuya ba. Maganin wannan shi ne xG, wato ƙiyasin yiwuwar ci. Manhaja na duba dubban bugun baya, ta lura da nisa, kusurwa, irin bugun, da ko faifan ya dawo ne daga tarewar farko, sannan ta ba kowane bugu maki tsakanin 0 da 1.

Daga nan a tara xG na duk bugun, a debe ainihin cin da aka yi wa golan. Idan xG ya kai 30 aka ci shi 24, ya hana ci 6 fiye da zato. Wannan shi ake kira GSAx, kuma shafuka kamar MoneyPuck da Evolving-Hockey na wallafa shi. Matsalar ita ce ƙananan gasanni ba su cika tara bayanan wurin bugu ba, dole masu farautar 'yan wasa su koma ga bidiyo: yadda yake zamewa daga turke zuwa turke, da inda yake tura faifan bayan ya tare.

Matakin gasa

Levi ya fara buga wa Buffalo a ƙarshen Maris 2023. A kakar 2023-24 abubuwa suka yi masa tsauri, aka tura shi Rochester Americans a gasar AHL domin ya ƙara gogewa. Wannan ba ya nufin alƙaluman jami'a ƙarya ne. Sun auna shi ne a gaban ɗalibai, su kuwa 'yan NHL bugunsu ya fi sauri, miƙa faifansu ya fi wayo.

Kafin a yanke hukunci kan matashin gola, a fara yin tambaya uku: bugu nawa ya fuskanta, yaya haɗarinsu yake, kuma su wa suka buga masa? Mai son gwaji zai iya sauke bayanan gololi kyauta daga MoneyPuck, ya jera su bisa kason tarewa, ya sake jera su bisa GSAx, ya ga sunayen da suka sauya matsayi.