Ƙofofin Samun Jari: Nasiha Ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Ƙasar Maraɗi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya kuma sanya albarka a cikin nema. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu sana'a na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hanyoyin samun jari, domin kuwa kukan da ya fi yawa a bakin tela da mai ƙuli-ƙuli da mai lambu shi ne rashin uwar kuɗi, alhali kuwa ƙofofin jari hawa-hawa ne, ba a buɗe ta sama sai ga wanda ya shige ta ƙasa da mutuncinsa.

Ta farko ita ce ta ubangida, wadda kakanninmu suka sani tun banki bai zo ƙasar nan ba. Alhazan Maraɗi, waɗanda sunansu ya kai nesa tun zamanin cinikin gyaɗa, da yawansu barantaka suka fara yi: a ba yaro kaya bashi ya kai kasuwannin ƙauye, ya komo da kuɗi cif, har ranar da ubangidansa zai gamsu da amanarsa ya sallame shi da jarin kansa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin wani nau'i makusancin wannan da suke kira ƙiradi, wanda bayaninsa yake cikin littafin Risala: mutum guda ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi ittifaƙi a kai tun farko, idan kuwa hasara ta auku ba da sakacin mai aiki ba, to, tana kan mai dukiya.

Ta biyu ita ce asusu, kuma a nan jihar Maraɗi tana da abin alfahari. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a wannan jiha, ta gina shi a kan adashin da mata suka saba, yau ga shi ana bin sa a ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Duk wanda ya halarci zamansu ya ga abin sha'awa. Mata ashirin da ƴan kai zuwa talatin za su zauna a kan tabarmi a ranar da suka tsayar cikin mako, a fito da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku wanda mabuɗansa suke hannun mata uku dabam-dabam, a kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ajiye zubinta a bainar jama'a, wadda ta makara ta biya tara. Sa'an nan a ƙirga kuɗin da babbar murya, a ranta wa mai bukata, ta sayi gyaɗar matsa mai ko ta kama ƴar jar akuya ta kiwata. Idan zagaye ya cika a raba abin da aka tara. Ba a neman takardar fili a wurin, domin kowace ta san gidan kowace, kunya da zumunci su ne jingina.

Ta uku ta manoma ce. Sanin kowa ne cewa da kaka hatsi da wake sukan yi arha, da bazara kuma su yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi kuwa bukata takan tilasta masa sayarwa a lokacin arha. Maganin wannan shi ne manoma su haɗa kai su zuba amfaninsu a ma'aji guda, a rufe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun gidan rance, a ba su wani kaso na ƙimar kayan su yi sana'ar rani, idan farashi ya tashi su biya su buɗe kayansu. Mutanen Jiratawa, waɗanda fadamarsu ta noman rani take ciyar da kasuwanni da zogale da kayan miya, sun san cewa ƙungiya mai tsari takan samu abin da mutum ɗaya ba ya samu.

Ta huɗu ita ce gidajen ƙananan rance da bankuna, irin su BAGRI da aka kafa musamman domin noma. Waɗannan ba sa aiki da sanayya, hujja suke nema: katin shaida, da ajiyar da aka daɗe ana shiga da fita a cikinta, da mai tsaya wa mutum ko abin jingina, ga wanda sana'arsa ta girma kuma har da rajistar kasuwanci da lambar haraji. Kafin ka sa hannu, ya ɗan'uwa, ka nemi a faɗa maka jimillar abin da za ka biya, jika nawa a wata, wata nawa, har da kuɗin buɗe takardu, kada ka tsaya ga abin da za a damƙa maka kaɗai. Ka sani cewa a 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka ƙayyade ruwan bashi, kada ya wuce 15 cikin 100 a shekara ga banki, 24 cikin 100 ga gidajen ƙananan rance. Ka kuma tabbata gidan da za ka kai ajiyarka yana da izinin hukuma. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kuɗin ruwa ba saboda tsoron riba, sai ya tambayi malami masani, ya kuma bincika hanyar murabaha ta Bankin Musulunci na Nijar, inda banki yake sayen keken ɗinki ko injin ban ruwa ya sayar masa da riba sananniya, ya biya sannu a hankali.

Ta biyar ita ce tallafi, wadda kowa ya fi kwaɗayi, ita ce kuma mafi ƙunci. Gwamnati ta kafa asusun FISAN a 2017 domin noma da kiwo da sarrafa amfaninsu, shirin ProDAF ma ya yi aiki a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram. Amma tsarin da aka fi bi shi ne a haɗa tallafin da bashi, mai nema ya kawo wani kaso daga aljihunsa, a tallafa masa da wani, banki ya ranta masa saura. Ashe wanda bai tara komai ba, banki kuma bai san shi ba, ko tallafin ya zo sai ya wuce shi. Duk wanda ya kira ka ta waya ya ce ka turo kuɗi domin a sa sunanka, ka ɗauke shi macuci, ka je ofishin noma ko na magajin gari ka tambaya da bakinka.

Saura sharuɗɗa uku. Na farko, kuɗin sana'a ba na biki ba ne, ba na suna ba ne. Jarin da ya shiga tukunya ba ya komowa. Na biyu, a rubuta bashi a kafa shaidu ko da tsakanin wa da ƙane ne, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan haka ta sauka. Na uku, wanda cinikinsa ya dogara ga hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ya tuna da rufe iyaka na 2019 da na 2023, da yadda canjin naira da sefa yake hawa da sauka, kada ya ci bashin da ba zai iya biya ba idan hanya ta tsaya.

Saboda haka, jama'a, kowa ya fara da abin da yake hannunsa a wannan mako, ko da dala ashirin ce, ya shiga asusu, ya sayi littafi ya riƙa rubuta shiga da fita, ya biya ƙaramin bashi a kan wa'adi domin a yarda da shi a kan babba. Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya tsare mu daga bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.