Bayan Wuta Sai Ruwa: Jan Kunne Ga Mazauna Gindin Dutse

Garin Ruidoso yana cikin duwatsun jihar New Mexico ta Amurka, daji ya kewaye shi. A watan Yunin 2024 wutar daji ta taso masa ta fuska biyu, ta cinye gine-gine kusan 1,400, mutum biyu suka rasu. Ranar 8 ga Yulin 2025 kuma aka sheƙa ruwa a kan ƙonannen dutsen, kogin da ya ratsa garin ya tumbatsa har ƙafa 20, ya tafi da rai uku, biyu yara ne ƙanana.

Wannan ruwa na bayan gobara shi ne ke hana hukuma barci. Ga dalili. Dutse mai itace da ciyawa kamar rufin ciyawa yake: ruwan sama ya sauka, ya jiƙa shi, ya riƙa ɗiga a hankali har gari ya waye. Amma in wuta ta lashe tsiro, ta gasa ƙasa har ta daina shan ruwa, ya koma rufin kwano. Ɗigo ɗaya ba ya tsayawa, duk sai ya taru ya kwararo lokaci guda, kwazazzabon da ya bi ta tsakiyar gari kuwa shi ne indararon. Ba ruwa zalla ke saukowa ba, har da toka da laka da kututture da duwatsu. Haka ƙasar za ta zauna shekaru kafin ta farfaɗo.

To, kai mai cewa ai ba a yi ruwa a unguwarmu ba, wa ya gaya maka sai an yi? Hadarin yana can bisa dutse, ambaliyar ta iske ka rana tana haskawa. In gargaɗi ya shigo waya, a hau tudu nan take, kada a tsaya ɗaure kaya. Direban da ya kutsa mota cikin ruwa mai gudu da iyalinsa a baya, kada ya kira abin tawakkali, ganganci ne, kuma Allah zai tambaye shi amanar da ya ɗauka. Ruwa ƙafa biyu ya isa ya kwashe mota.

Game da wutar kanta, a share busassun ganye daga rufi, a nisanta itacen girki daga bango, a san hanyar fita biyu. Takardu da magani da tocila su kwana cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa, a kuma san wanda zai ɗauko tsoho ko maras lafiya na maƙwabta.